Kwarin dogo

Dogo iri biyu ne. Akwai na daji, akwai na cikin gari.

Na daji shi ne wanda kuke gani a hotunan littafin labarin ƙasa. Ana zuba tsakuwa, a gitta katakai ko sandunan siminti bisa kanta, sa'an nan a ɗora ƙarafa biyu a ɗaure su. Ƙarfen yana tsaye a fili, tsawonsa daga ƙasa ya kusa taƙi guda. Jirgi kaɗai ke bin wannan hanya. Mai amalanke ba ya iya ƙetare ta sai a wurin da aka shirya masa.

Na cikin gari kuwa binne shi ake yi cikin titi, har kansa ya zo daidai da kwalta. Mota ta taka ta wuce, mai talla ta wuce da faranti a ka, jirgi kuma ya biyo bayansu yana kaɗa ƙararrawa. Wannan jirgi da Faransanci sunansa tramway. Mu a ajinmu taram muke ce masa. Ba ya ɗaukar kaya. Mutane yake kaiwa daga unguwa zuwa unguwa, kuma a zamaninmu da lantarki yake tafiya.

To, amma akwai wata wuya. Direban jirgi ba shi da sitiyari, dogo ne ke juya shi. Kowace ƙafar jirgi tana da leɓe ta gefen ciki, kamar leɓen murfin kwano. Ƙafar tana birgima bisa ƙarfe, leɓen yana sauka ta gefensa, shi ke hana jirgi gocewa. A daji leɓen yana da fili, tunda ƙarfe ya fi ƙasa tudu. A cikin gari fa, inda aka cika ko'ina da kwalta, ina leɓen zai shiga? Dole a bar masa wata ƴar tsaga, tun daga farkon hanya har ƙarshenta. Ɗan manomi ya san kunya, ya san kwari. Saboda haka muka kira kan ƙarfen kunya, tsagar kuma kwari. Faɗin kwarin taram na gaske kamar santimita 4 ne, zurfinsa bai kai 5 ba. Yatsu biyu na babban mutum sun cika shi.

Jiragen titi na farko dawaki ke jan su. A birnin Niyok na Amurka an fara tun 1832. Ƙarafan wancan lokaci suna fitowa bisa titi, ƙafafun keken doki suna ta karo da su, masu kekunan suna ta kuka. Wani Bafaranshe da ya zauna can, Alfons Luba, shi ya fito da ƙarfe mai kwari a jikinsa a shekarar 1852, wanda ake iya nutsarwa daidai da titi. A 1853 ya gwada shi a Pari. Lantarki ya zo daga baya, a 1881, kusa da Balin ta Jamus. An sallami dawaki, amma kwari yana nan har yau.

Ta wajenmu labarin taram gajere ne. Turawan Ingila sun shimfiɗa wani siririn dogo tsakanin Wushishi da Zungeru a 1901, suka kira shi taram, amma cikin daji yake. A Ikko an yi wani mai tafiya da tururi daga 1902. Ya daina ɗaukar mutane kafin yaƙin duniya na farko, ya ci gaba da kwasar ƙazantar gari har 1933. Wanda ke son ganin taram na zamani sai ya ƙetare hamada. Rabat ta Maroko da Alje sun buɗe nasu a 2011, Kazablanka a 2012, Oran a 2013. Wargala, garin dabino a cikin saharar Aljeriya, ta buɗe nata a 2018.

Nijar kuwa ko dogon daji ya daɗe bai iso ta ba. Wanda ya taso daga Kotonu ya tsaya Paraku a 1936. Daga nan sai a sauke kaya a ɗora wa manyan motoci, su bi ta Gaya da Doso zuwa Yamai. A 2014 aka fara shimfiɗa dogo daga Yamai, a watan Janairu na 2016 aka yi bikin isowar jirgi Doso, tafiyar wajen kilomita 140. Tsakanin ƙarafansa mita 1 cif, daidai da na Benin. Ina makarantar horon malamai a Doso a lokacin, kuma can na fara sa hannuna bisa ƙarfen dogo. Bayan biki jirgin bai shiga jigila ba. Da na koma garin wata shekara, na tsaya inda hanyar mota ta gitta dogon, na nemi ramin da aka bar wa leɓen ƙafa. Rairayi ya cika shi, ya yi tauri kamar daɓe.

Ƴan ajina a nan Gesheme ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa. Taram ɗin ma a cikin wayar salula suka gan shi. Wan wani yaro ya dawo daga neman kuɗi a Aljeriya da hoto mai motsi na jirgin Wargala, yaron ya roƙe shi ya kawo mana. Muka kalla har sau huɗu. Wani ya ce:

— Mushe, me ya hana motoci yin tuntuɓe da ƙarfen?

A makon nan kuwa muna kan darasin ma'aunin taswira, wanda yara suka fi ƙi a lissafin aji na shida. Suna haddace ƙa'idar, amma in ka tambaye su santimita 1 a takarda tafiyar minti nawa ce da ƙafa, sai su yi shiru. Na ce musu za mu gina titi mai dogo a bayan aji, da jirginsa, kuma ba za a yanka ko kara ɗaya ba sai an auna an raba.

Muka zaɓi ma'aunin 1/20. Ma'anarsa, duk santimita 20 na gaske, santimita 1 ne a wurinmu. Tsakanin ƙarafan taram na Aljeriya milimita 1435 ne. In an raba da 20 za a samu 71,75, abin da ma'aunanmu na roba ba su iya nunawa. Sai muka ɗauki mita 1 irin na Doso. Ba mu saɓa wa gaskiya ba, don akwai biranen da taram ɗinsu ke tafiya bisa mita 1, kamar Zurik ta ƙasar Suwis. Yara suka hau allo. Tsakanin ƙarafa, santimita 5. Ƙafar jirgi mai santimita 60 ta koma 3. Faɗin jirgi mita 2,40 ya koma santimita 12. Mutum mai tsawon mita 1,70 ya koma 8,5, bai wuce ɗan yatsa da kaɗan ba. Har nan kowa na murna. Sai aka zo kan kwari: milimita 40 a raba da 20, milimita 2.

Milimita 2 kaurin tsinken ƙafar keke ne. Na aika aka karɓo tsofaffin tsinke wurin mai gyaran keke, kowa ya riƙa ya ji.

A Turai da Japan akwai manya, masu iyali, da ke zama da dare suna gina ƙananan jirage a ɗaki. Nasu ya fi namu ƙanƙanta nesa. Mafi yawansu suna aiki da ma'aunin 1/87, inda tsakanin ƙarafa yake milimita 16,5. Wasu suna sauka har 1/160, milimita 9 ke nan, jirgin duka kamar ƙadangare. Masu gina dogon daji a cikinsu ba su shan wahala sosai, sayen ƙarfe suke yi su shimfiɗa. Masu gina taram su ne ke fama da kwari. Dabarunsu uku ne. Wani ya sayi ƙarfen da aka ƙera da kwarinsa. Wani ya liƙa siririn ƙarfe na biyu a gefen ciki na kowane dogo, ya bar tsaga tsakani. Wani kuma ya shafe titi duka da farar ƙasa, kafin ta bushe ya ja tsohuwar ƙafar jirgi a kai, leɓen ya tsaga wa kansa hanya. Mu ta biyu muka ɗauka.

Kayan aikinmu duk daga kasuwar gari suka fito. Ƙarfen dogo, langalanga ce, wadda ake ɗaure dilar kaya da ita, irin wadda yara maza suka saba yin mota da ita. Maƙeri ya miƙe mana ita bisa uwar maƙera. Kafinta ya ba mu guntayen katako, ya kuma yi mana abu ɗaya da ya fi kome amfani: wani ɗan itace mai tsaga huɗu. Biyu na waje su ne wurin ƙarafan da ƙafa ke takawa, biyu na ciki na bangon kwari. Da wannan itace ake sa alama bisa kowane guntun katako, a yanka da zarto, a cusa langalanga a tsaye cikin yankan. In an auna santimita 5 ɗin, daga fuskar ciki ta ƙarfe zuwa fuskar ciki ta ɗan'uwansa ake aunawa. Ku riƙe wannan, don nan ne leɓe ke gogawa.

Ƙafafu kuma murfin kwalbar roba ne, faɗinsa wajen santimita 3. A bayan kowane murfi muka liƙa faifan gwangwanin tumatir da ya fi shi faɗi kaɗan. Gefen faifan da ya fito shi ne leɓe. Jikin jirgi na kara ne da totuwa da kwalin sukari. Wannan aiki ban sa baki ba. Yaran Arewa tun suna ƴan shekara biyar suke yin motar kara, sun fi ni hannu.

Na sa aka gina guntayen hanya biyu na gwaji, kowace tsawon mita 1. Ta farko kwarinta tsinke ɗaya, yadda lissafi ya ce. Ta biyu tsinke biyu, milimita 4. Na san abin da zai faru, amma gani ya kori ji.

Ta farko ta fi kyau, ba gardama. In ka ja da baya ka dube ta, kamar hoton Wargala. Muka ɗora jirgi, muka ɗaga bakin katako kaɗan. Ya yi taƙi biyu ya tsaya. Muka hure kwarin, muka sake. Ya yi taƙi uku, ƙafar gaba ta hau kunya, ya kife. Bisa ta biyu kuwa ya gangara har ƙarshe, sai da wani yaro ya tare shi da hannu.

Ajin ya yi tsit. Wata yarinya da ke zama a layin gaba, wadda ita ce ta yi rabawar a allo, ta ɗaga hannu. Muryarta na rawa.

— Mushe, ashe lissafi ya yi ƙarya ke nan?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Yaron da ya yi wata shida ana ce masa lissafi ba ya kuskure, ranar farko da ya gwada shi da hannunsa ya ga jirgi ya kife, yana iya rufe littafin har abada. Ban ba ta amsa da baki ba. Na ce ta sa tsinken tsintsiya cikin kwarin ta fito da abin da ke ciki. Ta fito da ƙwayar rairayi biyu da guntun ƙaiƙayi. Muka aza babbar ƙwayar bisa ma'auni, ta kai milimita 1. Na ce ta ninka da 20. Ta ce santimita 2. Na ce, to, a garin ƴan mutanenmu masu tsawon 8,5, wannan ƙwaya tsakuwa ce kamar goro. Wani ya jefa ƙwayar hatsi cikin kwarin milimita 2, ta zauna a baki ta ƙi shiga. A wancan gari dutse ne da ya cika tafin hannu.

Rabawarta daidai take. Mun raba jirgi da 20, mun raba titi da 20, mun raba mutane. Amma rairayin Gesheme ba mu raba shi ba, yana nan da girmansa. Hannuwanmu ma ba mu raba su ba. Ƙafar jirgin gaske injin ne ke feƙe ta, ba ta karkacewa ko da kaurin farce. Tamu da almakashi aka yanka ta, tana juyawa tana lilo kamar faifai a hannun mai sheƙa. Lilon milimita 1 a idonmu ba kome ba ne, amma ya cinye rabin kwarin.

Na gaya musu masu ƙananan jirage na Turai ma haka suke fama, da kayan aikinsu duka. A ma'aunin 1/87 kwari ya kamata ya kasa rabin milimita. Amma leɓen ƙafafun da ake sayar musu ba ya shiga nan. Yawancinsu suna barin wajen milimita 1,3, kusan ninki uku. In aka mai da shi girman gaske, rami ne na santimita 11 a tsakiyar titi. Akwai ƴan kaɗan a cikinsu da ke feƙe ƙafafu su sirance don kwari ya zo daidai. Su kuma ba su rabuwa da burushi, ƙura kaɗan ta tsai da su.

Ni dai ra'ayina, jirgin da ke tafiya ya fi jirgin da ke da kyau a tsaye. Amma ba na son a ɓoye. Milimita 4 namu, in an ninka, santimita 8 ne. Kwari irin wannan a titin gaske zai haɗiye tayar keke, ya kama kofaton akuya. Ko kwarin gaske na santimita 4 yana ka da masu keke in suka bi shi ta tsawo, shi ya sa a biranen taram ake koya musu su gitta shi, kada su jera da shi. Saboda haka muka rubuta a kwali, muka kafa a bakin titinmu: Ma'auni 1/20, ban da kwari, shi 1/10 ne. Yarinyar nan ce ta rubuta. Duk baƙon da ya zo sai ya tambayi dalili, yara kuwa har rige-rigen ba da amsa suke yi.

Da na koma wurin maƙeri karɓar sauran langalanga na ba shi labari. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce:

— Malam, ƙarfe biyu ba su tafiya tare sai an bar musu wurin numfashi. Ka tambayi kafinta, in ya sa ƙofa da rani ya matse ta, da damina wa zai buɗe?

Na ce:

— Baba, da za ka zo ka faɗa wa yara da bakinka.

Ya zo kuwa ranar wata Laraba, da ƙafar amalanke a kafaɗa. Ya girgiza ta bisa sandarta suka ji ɗan motsin da ke ciki. Ya ɗaure kusa tam, ƙafar ta ƙi juyawa. Ya sassauta da yawa, ta yi ta kwaramniya.

Kwana ta fi miƙaƙƙiyar hanya wuya. Taram na gaske yana iya juyawa a kwanar da ta yi mita 20 ko 25 daga tsakiyar da'ira. Mita 20 a wurinmu mita 1 ne. Muka kafa ƙusa a ƙasa, muka ɗaura zare, muka zana rubu'in da'ira biyu: na ciki santimita 100, na waje 105. Kafin a yanka ƙarfe na ce a lissafa tsawon kowane. Na ciki ya ba da santimita 157, na waje 164,85. Bambanci 7,85. Wani yaro mai gardama ya ce in aka matse kwanar bambancin zai ƙaru. Aka gwada da 60 da 65. Aka samu 94,2 da 102,05. Bambanci 7,85 kuma. Ya sake lissafi sau biyu shi kaɗai, yana zaton an yi masa wayo. Faɗin hanya ne ke kawo bambancin, girman kwanar ba ruwansa.

Amma wannan santimita 7,85 aiki ne. Ƙafar waje za ta yi tafiyar da ta fi ta ƙafar ciki, alhali sanda ɗaya ta haɗa su. In an liƙe su a sandar, dole ɗaya ta ja jiki. Wannan yana cikin abin da ke sa taram na gaske kuka a kwana, har ana shafa wa leɓe mai. Mu sai muka bar kowace ƙafa ta juya ita kaɗai bisa sandarta, kamar ta amalanke. Taram da yawa na zamani ma haka aka yi musu.

Rukunin da ya gina jirgi na biyu sun sa ƙafafun gaba can gaba, na baya can baya, kamar babbar mota. A miƙe ya tafi lafiya. Da ya shiga kwana leɓe ya gitta cikin kwari ya cije. Su da kansu suka gano magani. Suka haɗa ƙafa huɗu-huɗu bisa ɗan katako, tsakanin sanda da sanda santimita 9, suka kafa kowane katako a cikin jirgi da ƙusa ɗaya tak, yadda zai iya waiwayawa. Duk da haka sai da muka buɗa kwarin kwana zuwa milimita 5.

Saura cika titi. Siminti ya fi ƙarfin asusun ajinmu. Laka zalla kuwa in ta bushe tana tsukewa, ta tsage, ta bar ƙarfe tsirara. Kakar wata yarinya ce ta fid da mu. Ta zo ta duba, ta ce wannan ai daɓe ne, me ya kai maza ciki? Ta sa aka tankaɗe jar ƙasa da ƴar tsakuwa mai laushi, aka jiƙa ɓawon ɗorawa aka samu makuba. Madaɓi ya yi girma, sai muka yi aiki da bayan cokali. Kafin a zuba ƙasa mun kwantar da igiya cikin kowane kwari don kada ya cika. Aka danna, aka yayyafa makuba, aka sake dannawa, kwana uku. Tun da sauran danshi muka zare igiyar, muka bi kan ƙarafa da tsumma. Doka ɗaya ce a nan: ƙasa kada ta fi ƙarfe tudu ko da kaɗan. In ta fi, ƙafa za ta hau ƙasa ta bar dogo. Gara ta kasa shi da kaurin takarda. Ƴan mata suka zana layukan dutsen titi da tsinke, kowane dutse santimita 1. Wata ta ƙara rijiya da bukkar mai tsire, waɗanda ba su cikin hoton Wargala.

Ba kowa ya ji daɗin aikin ba. Wani uba ya same ni bayan sallar la'asar, ya ce ɗansa yana dawowa gida da jar ƙasa a riga, ga jarrabawa ta matso. Ya ce:

— Malam, jirgin da ya kasa zama a Doso, shi za ku kawo mana Gesheme?

Gaskiyarsa. Taram na manyan birane ne, inda dubban mutane ke bin titi ɗaya kowace safiya. Mu abin da ke damunmu shi ne hanyar da za ta fid da rake da rogo daga fadama ba tare da amalanke ta kafe ba. Ban yi masa alkawarin jirgi ba. Na roƙe shi ya sa yaron ya auna masa gonarsa da igiya, ya zana ta a takarda da ma'aunin 1/1000. Bayan mako guda yaron ya kawo zanen, har da inda kukar take da inda iyakar maƙwabci ta lanƙwasa. Uban bai sake zancen riga ba, amma bai zo kallon jirgi ba har yanzu.

Titinmu yanzu mita 4 ne da ƴan kai, da kwana ɗaya. Abokin gabansa rairayi ne. Da hunturu, in muka rufe aji da yamma muka dawo da safe, kwari ya cika rabi, ko da taga a rufe. Mun sa aikin shara bi da bi. Mai aikin ranar yana bin kwari da gashin kaza, daga tasha zuwa tasha, kafin a ɗora jirgi. Biranen taram ma suna da irin wannan ma'aikaci. A da mutum ne ke tafiya da sanda mai baƙin ƙarfe a baki yana ƙwaƙule kwari. Yanzu mota ce ta musamman mai burushi da injin zuƙa. Akwai kuma ƴan ramuka a gindin kwari da ke kai ruwan sama lambatu. Abin da ya ba yara dariya shi ne, taram yana yawo da rairayinsa a cikin akwati. In ƙarfe ya yi santsi, ko ana son tsayawa da gaggawa, sai ya zuba kaɗan a gaban ƙafa, bisa kunya, don ta kama. Wani ya ce a rubuta wa mutanen Turai, in nasu ya ƙare muna da na sayarwa.

Abin da ya rage mana shi ne mararraba, inda hanya ɗaya ke rabuwa biyu. A can kwari yana gitta kunya, sai ƙafa ta tarar da rami a inda za ta taka. Masu taram na gaske sukan rage zurfin kwari a wurin, jirgi ya wuce yana tafiya bisa leɓensa na ɗan lokaci. Ana kuma bukatar wani harshen ƙarfe mai motsi da zai tura leɓe dama ko hagu. Yara sun zana shi a takarda har iri uku. Maƙeri ya duba zanen, ya juya shi sama da ƙasa, ya ture biyu gefe. Ya ce a kawo masa langalanga taƙi biyu da ɗan itacen nan mai tsaga huɗu ranar kasuwa.